KULA DA ƘARAMIN KARE A GIDAN MANOMI: MAGANIN KUKAN KEWA DA FITSARI A GINDIN RUMBU

GABATARWA

A ƙasar Gezawa gona tana manne da gona, gida kuma yana jin tarin gida. Daga Jogana zuwa Tsamiya Babba, daga Wangara zuwa Babawa, da wuya ka ga filin da ba a noma shi. Shi ya sa da zarar an yi shuka kowa yake ɗaure awakinsa da tumakinsa a turke, har sai an kau da amfanin gona. Wannan turke da akurkin kaji da rumbu su ne jarin ƙaramin manomi, kuma su ne ɓarawo yake hari.

Saboda haka manoma da dama suna ajiye ɗan ƙaramin kare domin gadi. Malamai sun yarda a ajiye kare saboda gona, ko kiwo, ko farauta. Ƙaramin kare ba shi da ci da yawa, ga kunne ga hanci. Ba zai kayar da ɓarawo ba, amma haushinsa zai tashe ka daga barci, ya kuma kori muzuru da tunku da gafiya.

To, amma akwai halaye biyu da suke sa mai gida ya gaji da shi:

1. Da ka sa ƙafa za ka gona sai ya kama kuka, ya tauna igiya, ya tona gindin danga, ya biyo ka. Turken da aka ajiye shi dominsa ya zauna ba mai gadi.

2. Yana bi yana ɗiga fitsari a gindin rumbu, da jikin turmi, da buhunan hatsi, har da tabarma in ya samu.

Yawancinmu sanda muke ɗauka. In sanda ta gaza sai a kai shi bayan gari a yar. Wannan takarda za ta nuna maka abin da yake jawo halayen nan biyu, da yadda za ka gyara su ba tare da ka kashe kuɗi ba. Abin da ake bukata shi ne haƙuri na 'yan makonni, a kuma soma da rani.

KASHI NA ƊAYA: KUKAN KEWA

Me yake jawo shi?

Kare dabba ce mai son jama'a. Ba ya jin daɗin zama shi kaɗai, kuma yakan zaɓi mutum guda a gida ya manne masa, galibi yaron da yake ba shi abinci. In mutumin nan ya ɓace masa sai tsoro ya kama shi, kamar yadda ɗan akuya yake yi ranar da aka kai uwarsa kasuwa. Ko da mata suna cikin gida suna daka, bai dame shi ba, domin ba da su ya shaƙu ba. Wannan kuka ba iskanci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Tsoro ne.

Ga abubuwan da suka fi haddasa shi:

(a) Raba kwikwiyo da uwarsa da wuri. Kwikwiyo yakan buɗe ido wajen kwana 10 zuwa 14 da haihuwa, ya soma lasar abinci a mako na 3 ko na 4. Amma bai kamata a ɗauke shi ba sai ya cika mako 8. Wanda yara suka ɗauko yana da mako 3 ko 4 yakan tashi da tsoro da yawan kuka.

(b) Yawan ɗauka. Ƙaramin kare ya fi babba shiga wannan hali domin yara suna yini da shi a hannu, bai taɓa koyon zama shi kaɗai ba. Ƙananan karnukan nan masu gashi buzu-buzu da ake kawowa daga birni sun fi kowa wannan.

(c) Canjin mai shi, ko canjin gida. Misali an saye shi daga wani ƙauye, ko yaron da ya saba da shi ya tafi makaranta ko ci-rani.

(d) Canjin lokaci. Duk rani mai gida yana zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya, kare na kwance kusa da shi. Ruwa na sauka sai kowa ya watse gona tun asuba. Kare ya wayi gari ba kowa.

Yadda za ka gane shi

Kukan yakan fara da fitarka, cikin 'yan mintoci. Kai, wani tun kana neman malafarka da fartanya yake soma haki da zagaye. Bayan ka tafi zai yi ta kuka mai tsawo, yana dalalar da yawu, yana tona ko taunar abin da ya tare masa hanya. Ba zai taɓa abincin da ka bar masa ba. Wani har kashi da fitsari yake yi a inda yake kwana. Da ka dawo kuwa sai murna, ya ci abincinsa, ya sha ruwa, ya kwanta kamar ba shi ba.

Waɗansu mutane suna camfa dogon kukan kare, su ce mugun abu yake kira. A irin zamanmu na kusa da kusa wannan yakan jawo ɓacin rai tsakanin maƙwabta, har magana ta kai gaban mai unguwa. Ka tambayi mutanen gidanka lokacin da yake soma kukan da lokacin da yake dainawa. In ya zo daidai da fitarka da dawowarka, to ka san kewa ce kawai.

Yadda za ka gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai an yi ruwan shuka a watan Mayu ko Yuni. Ka soma tun watan Fabrairu ko Maris, lokacin da kake da sarari. Wani kare mako 3 ya ishe shi, wani sai ya kai wata 2.

1. Ka yi masa makwanci nasa. A sa shi kusa da turken awaki, inda yake iya hangen ƙofa. 'Yar rumfar kara ta isa. Ka shimfiɗa masa tsohon buhu, ka sa masa kaskon ruwa. A nan za a riƙa ba shi abinci kullum, kuma kada a taɓa dukansa a wurin. So ake ya ɗauki wurin nan wurin kwanciyar hankali.

2. Ka sa masa tsummar tsohuwar rigar wanda ya fi shaƙuwa da shi, wadda ba a wanke ba. Warin jikin mutumin yana rage masa tsoro.

3. Ka koya masa zama kana gida. Ka kai shi makwancinsa, ka ce "zauna", ka ja baya taki biyu, ka dawo ka ba shi 'yar lomar tuwo ko ƙanzo. Gobe taki biyar. Jibi ka shiga ɗaki ka fito. Kalma guda za a riƙa faɗa masa, kowa da kowa a gidan.

4. Ka soma fita kaɗan-kaɗan. Ranar farko ka fita zaure, ka ƙirga 20, ka dawo. In bai yi kuka ba, ka ƙara zuwa minti 1, sa'an nan minti 5, sa'an nan minti 10. Daga nan sai tsawon zuwa rijiya da dawowa, sai tsawon zuwa masallaci, sai daga safe zuwa hantsi. Ka yi haka sau 3 ko 4 a yini. Dabarar ita ce ka dawo tun tsoro bai kama shi ba. In ya yi kuka, ka yi gaggawa ke nan. Sai ka koma matakin jiya ka ƙara kwana biyu a kai. Minti 30 na farko su ne masu wuya. Karen da ya jure su, sauran yinin yakan zo masa da sauƙi.

5. Ka ɓata masa lissafi. Kare ya san in ka ɗauki fartanya da gora, ko ka tayar da babur, tafiya ta zo. To, sau da yawa a yini ka ɗauki fartanyar ka zauna ka sha fura. Ka sa malafa ka koma ɗaki. Ka tura keke zaure ka dawo da shi. Bayan 'yan kwanaki zai daina firgita da waɗannan abubuwa.

6. Kada a yi masa dogon sallama, kada kuma a yi masa babbar maraba. Ka fita shiru. In ka dawo yana tsalle, ka kyale shi, ka ajiye kayanka, ka duba awaki. Sai ya natsu sa'an nan ka kira shi.

7. Ka gajiyar da shi kafin ka tafi. Da sassafe a zaga da shi bayan gida na minti 15 ko 20, ya yi gudu, ya yi kashi da fitsari. Karen da ya gaji barci yake yi.

8. Ka bar masa abin yi. Babban ƙashin sa ɗanye, wanda ya fi ƙarfin haɗiya, zai ɗauke masa hankali. A ba shi lokacin fita kawai. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Kada kuma a ba shi ɗanyen kan tunkiya ko kayan cikin dabbar da ta mutu. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita a kashinsa, tumaki su ci a ciyawa, ta hau musu ƙwaƙwalwa su riƙa juyi.

9. A raba hidimarsa. Yau wannan ya ba shi abinci, gobe wancan. In akwai tsoho ko yaro da yake yini a gida da damina, shi ya fi dacewa ya riƙa ciyar da shi tun yanzu.

Maganar ɗauri

In dole ne a ɗaure shi, igiyar ta kai gaba biyu ko uku. Kada a yi masa zarge a wuya, domin karen da ya firgita yana iya shaƙe kansa. Kada a ɗaure shi kusa da dangar da zai iya tsallakawa ya rataye. Ka tuna inuwa tana juyawa: inda yake da inuwa da hantsi, da azahar rana ce tsantsa, kuma a watan Afrilu zafin ƙasar Kano yana kai awo 40. A kwance shi safe da yamma. Karen da ya yini ya kwana a ɗaure kullum yakan zama mai cizo.

KASHI NA BIYU: FITSARIN SA ALAMA

Me ya sa yake yi?

Kai manomi kana dasa gamba ko bini-da-zugu a iyakar gonarka domin kowa ya san inda taka ta tsaya. Kare ba shi da gamba, fitsarinsa ne alamarsa. In wani kare ya sansana wurin zai gane ko namiji ne ya yi ko mace, ko kuma karyar tana neman barbara. Shi ya sa yake zaɓen abu mai tsayi kamar turke, ko ƙafar rumbu, ko kusurwar katanga, daidai hancin 'yan'uwansa.

Namiji yakan soma ɗaga ƙafa in ya balaga, watau tsakanin wata 6 da shekara 1. Ƙananan karnuka sukan riga manya balaga. Karya ma tana yi, musamman in lokacin barbararta ya kusa. Masu bincike sun lura ƙaramin kare ya fi babba yawan sa alama. A shekarar 2018 waɗansu masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka auna yadda karnuka suke ɗaga ƙafa, suka tarar ƙananan sun fi manya karkata jiki domin fitsarin ya sauka sama. A ganinsu dabara ce ta nuna wa sauran karnuka ya fi haka girma. Ka ga ke nan ba da kai yake ba, da karen maƙwabci yake.

A ƙauyukanmu da gidaje suke kusa, karnuka suna ratsa gidan juna dare da rana. Kowane ya wuce sai ya bar alama, naka kuma sai ya bi ya rufe ta da tasa. Haka kuma duk sabon abu da ya shigo gida da baƙon wari, kamar buhun taki daga kasuwa, ko tayar babur, ko takalmin baƙo, sai ya so ya sa masa warin gida. Karen da yake cikin tsoro ko kewa kuwa ya fi yawan yi. Nan ne halayen biyu suke haɗuwa.

Ba kowane fitsari ne na alama ba

Kafin ka nemi magani, ka lura da irin wanda yake yi:

(a) Na alama: ɗan kaɗan ne, a jikin abu mai tsayi, wuri-wuri, bayan ya sansana.

(b) Na ƙuruciya: mai yawa ne, a ƙasa. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari. Ɗan wata 2 ba ya wuce awa 2 ko 3. Wannan koyarwa yake bukata.

(c) Na tsoro: ka tsaya a kansa ko ka daka masa tsawa, sai ya kwanta ya saki fitsari. Ban haƙuri yake yi. In ka doke shi gobe zai fi haka.

(d) Na kewa: sai ba ka nan yake yi, tare da kuka da tone-tone. Maganinsa yana Kashi na Ɗaya.

(e) Na ciwo: yana yunƙuri da ƙyar, ko da jini, ko yana ɗiga yana barci, ko shan ruwansa ya ƙaru ƙwarai. Wannan na likitan dabbobi ne, kada a jinkirta.

Me ya sa za a damu?

Fitsarin kare najasa ne, ba mai son sa a tabarma ko a buta. Ban da haka yana lalata hatsi da harawa, yana sa su wari da ruɓa. Akwai kuma wata cuta da take fita a fitsarin ɓera da na kare, ta shiga jikin mutum ko dabba ta ruwa ko ta rauni, ta kawo zazzaɓi da shawara. Hatsin da fitsari ya jiƙa a zubar da shi, kada a ci, kada a ba dabbobi.

Yadda za ka gyara

1. Ka ba shi wurin da aka yarda. Ba za ka hana kare sa alama gaba ɗaya ba, amma za ka iya zaɓa masa wuri. Ka kafa turke biyu ko uku a bayan danga, nesa da rijiya da madafi. Ka kankaro 'yar ƙasar da ya yi wa fitsari ka zuba a gindinsu. A kai shi can da asuba, da bayan cin abinci, da in ya tashi daga barci, da kafin a kwanta. Da ya yi a wurin, nan take a yaba masa a ba shi loma. In aka jinkirta ladan ba zai san na mene ne ba.

2. Ka kashe tsohon warin. Muddin yana jin warin jiya, zai koma. In ƙasa ce, a kankare ta kamar zurfin yatsa, a zubar a nesa, a zuba sabuwa da toka. In turmi ne ko siminti, a wanke da ruwa da sabulu sau biyu, a bar shi a rana. Maganin wanke masai mai ƙarfin wari guba ne in kare ya lasa, saboda haka kada ya kusanci wurin sai ya bushe.

3. Ka tare hanya. A kewaye gindin rumbu da ƙaya ko guntun darni. Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako ko duwatsu cikin ɗaki a rufe, wanda dama shi ne daidai saboda danshi da gara. Shanyar gyaɗa da wake da barkono a yi ta a kan rumfa ko a inda ba ya shiga. Tabarma da buta a rataye su. Sabon kaya kada a yar da shi a tsakar gida.

4. Ka ciyar da shi a wurin. Kare ba ya son ɓata inda yake cin abinci. In akwai kusurwar da ya nace mata, bayan an wanke sai a riƙa ajiye masa kaskon abincinsa a nan na mako guda ko biyu.

5. Ka toshe kafofin danga domin baƙin karnuka su daina shigowa. Kada a bar ƙashi da sauran abinci a bola kusa da gida, su ne suke kiran su.

6. In ka kama shi yana sansana zai ɗaga ƙafa, ka tafa hannu ka ce "kai!", ka kai shi turkensa. In kuwa ka tarar ya riga ya yi, ka wanke kawai. Kare ba ya haɗa dukan yanzu da laifin ɗazu. Masu tura masa hanci cikin fitsarin ba abin da suke koya masa sai tsoron hannun mutum da yin abin a ɓoye.

7. Fiɗiya. Wani bincike da likitocin dabbobi suka yi a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1976 ya nuna bayan fiɗiya yawon bin karya ya ragu a wajen karnuka 9 cikin 10, fitsarin alama a cikin gida kuma ya ragu a wajen rabinsu. Watau tana taimako, amma ba ta isa ita kaɗai ba, kuma ba ta maganin kewa. Likitan dabbobi ne zai yi ta da allurar kashe zafi. Kada a dandaƙe kare yadda ake yi wa bunsuru.

KADA A RIKITA KEWA DA HAUKAN KARE

Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a takardar nan. Mai kewa yana dalalar da yawu yana tauna abubuwa, mahaukacin kare ma haka. Ga bambancin:

Mai kewa, da ka dawo ya warke. Ya san ka, yana ci, yana sha.

Mahaukacin kare kuwa halinsa yana juyewa farat ɗaya, ko kana nan ko ba ka nan. Mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko mai tsoro ya koma kai hari. Muryarsa ta canja. Yana cizon itace da dutse da iska. Haɓarsa ta saki, ba ya iya haɗiya, ƙafafun baya su mutu. Da alamun sun bayyana ba ya wuce kwana 10. Kada ka sa hannu a bakinsa wai ko ƙashi ne ya maƙale. A kulle shi, a kau da yara da dabbobi, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shanu da awaki da jakuna ma suna kamuwa in an cije su. Da ciwon ya bayyana a jikin mutum ba shi da magani, amma allura tana tare shi in an yi ta da wuri.

Saboda haka:

1. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafi in ya cika wata 3, a kuma sake kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da take Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura. A nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a je asibitin dabbobi na Gwale ko na Kundila a birnin Kano. A adana takardar shaida.

2. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya shafa gashin karen ko wani abu a bakin ciwon.

3. Karen da ya yi cizon a kulle shi kwana 10 ana ba shi abinci ana lura da shi. Amma wanda aka ciza ba zai jira kwana goman ba, ya je asibiti tukuna.

4. Kada a yar da kare a bayan gari don an gaji da halinsa. Karen da ba shi da mai shi ba mai yi masa allura, shi ne kuma gobe zai dawo ya ciji yaro ko akuya.

TAMBAYOYIN DA MANOMA SUKAN YI

"Malam, in na hana shi ruwa ba zai rage fitsarin ba?"
A'a. Fitsarin alama ɗigo ne, ko bai sha ruwa ba zai samu na yi. Karen da ya kai kilo 10 yana bukatar fiye da rabin lita a yini, da bazara kuwa ya fi haka. Hana shi ruwa ciwon ƙoda zai jawo.

"In na ƙaro masa wani kare fa, ya samu abokin zama?"
Wani lokaci yana taimako, amma sau da yawa kewar mutum yake yi, ba ta kare ba. In kuma maza biyu ne, gasar fitsari za su shiga. Ka gyara na farko tukuna.

"Ko in ba shi maganin barci in zan fita?"
Kada ka ba kare maganin mutane. Ƙwayar ciwon kai da muke sha tana iya kashe ƙaramin kare. Goro da albasa da tafarnuwa ma suna cutar da shi. In ka yi wata 2 kana bin matakan nan ba canji, ko yana ji wa kansa rauni, ka kai shi wurin likitan dabbobi.

"Nawa ya tsufa, zai koyu kuwa?"
Zai koyu, sai dai ya fi ɗaukar lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa aka fi son a soma da kwikwiyo.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8.
2. A yi masa makwanci mai inuwa da ruwa kusa da turke.
3. A soma koya masa zama shi kaɗai tun da rani, kaɗan-kaɗan.
4. A kafa masa turken fitsari a bayan danga, a ba shi lada in ya yi a can.
5. A kankare ko a wanke tsohon wari, a killace rumbu da shanya.
6. Duka ba ya maganin tsoro, ƙara shi yake yi.
7. Allurar haukan kare a wata na 3, da kowace shekara.
8. Cizon kare: sabulu da ruwa minti 15, sai asibiti a ranar.

Domin ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na KNARDA da yake kula da yankinku, ko malamin dabbobi mafi kusa da kai. In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa maƙwabcinka.